Mason Sones: Likitan da ya buɗe hanyar ganin jijiyoyin zuciya ƙarara a hoto

Kafin shekarar 1958, likitoci sun yi ittifaƙin cewa duk wanda aka zuba wa ruwan ɗaukar hoton eksire kai-tsaye cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, to sai dai gawarsa. Saboda haka mai ciwon ƙirji sai dai a yi masa hasashe, don ba mai iya nuna inda jijiya ta toshe.

Wanda ya rushe wannan tsoro shi ne Frank Mason Sones, haifaffen Jihar Mississippi ta Amurka a 1918. Ya gama karatun likitanci a Jami'ar Maryland a 1943, ya kama aiki a asibitin Cleveland Clinic a 1950.

Ranar 30 ga Oktoba, 1958, yana duba wani matashi ɗan shekara 26 mai ciwon zuciya. An yi niyyar zuba ruwan a babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, amma bakin siririn bututun ya zame ya shige jijiyar zuciya ta dama. Kafin a ankara ruwan ya shiga, jijiyar ta fito ƙarara a hoto. Zuciyar matashin ta tsaya na 'yan daƙiƙu. Sones ya sa shi yin tari, sai ta ci gaba da bugawa.

Da wani ne, da ya gode wa Allah ya rufe bakinsa. Shi kuwa sai ya mayar da tsautsayin hanyar aiki: ya rage yawan ruwan, ya tsara bututu na musamman. Wahalar ita ce jijiyoyin sirara ne, zuciya kuma ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Don haka ya yi aiki da kamfanin Philips wajen inganta na'urar ƙara wa hoton haske, yana naɗar motsin ruwan a fim mai faɗin milimita 35. A 1962 shi da Earl Shirey suka wallafa bayanin hanyar.

Da irin waɗannan hotuna ne René Favaloro, ɗan Ajantina, ya yi tiyatar kewaye jijiyar da ta toshe a asibitin a 1967. Yau kwamfuta ce ke tace hoton, har ta auna ƙuncin jijiya.

Sones ya shahara da yawan shan taba. Sankarar huhu ce ta yi ajalinsa a watan Agustan 1985, yana da shekara 66.