Andrew Foster, Kurman da Ya Buɗe wa Kurame Littafi

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, da murya ake fara karatu: malam ya biya, almajiri ya maimaita, kunne ya riƙe tun kafin ido ya saba da baƙi. Yaron da sanƙarau ya toshe wa kunne yakan zauna cikin ƴan'uwansa da allo a cinya, amma karatun na wuce shi. Wannan cutar ce ta kurmantar da Andrew Foster, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen koyar da kuramen Afirka.

An haife shi ran 27 ga Yuni 1925 a Ensley, cikin jihar Alabama ta Amurka, a zamanin wariyar launin fata. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya tashi ba ya ji. Sai dai kafin nan ya riga ya mallaki harshe, kuma wannan jarin ne ya riƙe shi. Ya yi makarantar kurame ta baƙar fata a Talladega, daga bisani ya koma Detroit, yana aiki yana ƙarasa sakandare ta hanyar wasiƙa. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin farko a kwalejin kurame ta Gallaudet.

A 1956 ya kafa ƙungiyar mishan domin kuramen Afirka, a 1957 ya buɗe makaranta a Akara ta Gana, a 1960 kuma ya buɗe wata a Ibadan. Can ya riƙa horar da malamai, har da na ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13 kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda ran 3 ga Disamba 1987.

Abin da ya bambanta shi shi ne hanyar koyarwarsa. Tun daga taron Milan na 1880, makarantun kurame da yawa sun hana maganar hannu, suna tilasta wa yara karanta leɓe da kwaikwayon sautin da ba su taɓa ji ba. Foster ya haɗa alamun hannu da harhaɗa baƙaƙe da yatsu da rubutu, domin rubutu ba ya tsayuwa sai a kan harshen da yaro ya riga ya mallaka. Wanda ba a taɓa ba shi labari ba, da wuya ya gane shi a takarda.

A nan amfanin karanta wa yara littafi a fili yake bayyana. Idan babba ya karanta da murya kuma ya fassara da hannu, littafi a buɗe inda kowa ke ganin hoto da rubutu, mai ji yana ƙara kalmomi, kurma yana ɗaura alama da baƙi, dukansu suna koyon yadda labari ke farawa ya ƙare. Mai ji kuma yakan tashi da harshen ɗan'uwansa.

Amma gadon Foster ya bar wa masana harshe aiki. Alamun da ya zo da su na Amurka ne, kuma su suka mamaye makarantun kurame a Afirka ta Yamma, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshen, wanda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000. Yaron Tanut da ke hira da uwarsa da hannu bai zo makaranta hannu rabbana ba. Rubuta wannan harshen na gida, da karanta wa yara littattafai da shi, shi ne abin da ya rage a ƙarasa.