Hajiya Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Matan Arewa

Jama'a, a wannan Juma'a mu tuna da Hajiya Gambo Sawaba, Allah Ya jiƙanta. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, ke nan ita ma 'yar baƙi ce kamar yaranmu. Sunanta na yanka Hajaratu.

Tana da shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, har ta shugabanci matanta a Sabon Garin Zariya. Lokacin mace ba ta da ƙuri'a a Arewa. Zaɓen 1959 ma maza kaɗai suka yi a nan, alhali matan Kudu sun kaɗa tasu. Ita ko gida-gida take bi, tana wayar wa matan kulle da kai. An doke ta, an ɗaure ta har sau 16, ba ta fasa ba. Sai a 1976 matan Arewa suka fara zaɓe, a na ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓen 1979. Ta rasu a 2001.

To, mu fa? Da yawanmu katinmu na can Kano ko Zariya, na matanmu babu ma sam. Idan INEC ta buɗe rajista, duk wanda ya kai 18 ya je ofishinta a nan Zonkwa, mai tsohon kati kuma ya nemi a dawo masa da shi nan. Magidanta, don Allah a bar iyali su je. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.