Jane Addams

Jane Addams (6 ga Satumba, 1860 – 21 ga Mayu, 1935) 'yar Amurka ce, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a kuma mai fafutukar zaman lafiya. An fi saninta da kafa cibiyar Hull House a birnin Shikago.

Farkon rayuwa

An haife ta a Cedarville, jihar Illinois. Ta kammala makarantar mata ta Rockford a 1881. A 1888 ta ziyarci Toynbee Hall a Landan, inda masu ilimi ke zama cikin talakawa suna koyar da su.

Hull House

A 1889 ita da ƙawarta Ellen Gates Starr suka tare a wani tsohon gida da Charles Hull ya gina a 1856, a unguwar baƙi matalauta daga Turai. A ganinta, talaka ma yana da haƙƙin more zane da kiɗa. Don haka aka buɗe zauren baje kolin zane-zane a 1891, sai makarantar koyon kiɗa a 1893, ga kuma wasan kwaikwayo da wurin renon yara. Zuwa 1911 cibiyar ta kai gine-gine 13.

Ƙarshen rayuwa

Ta sha suka saboda adawarta da shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1931 ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ta rasu a Shikago. A 1963 aka rushe yawancin gine-ginen domin gina jami'a, amma tsohon gidan na nan, ya zama gidan tarihi.