Yohanna Kalbin da Mahukuntan Janiba: Horo a Hannun Wa Yake?

Sa'ad da ɗan'uwa ya faɗi cikin zunubi a fili, kamar zina ko maye ko dukan matarsa, wa ya kamata ya hore shi? Dattawan ekklisiya ne, ko kuwa alƙalin gari? Kafin mu buɗe Matta sura 18 da Romawa sura 13, bari mu duba rayuwar wani mutum wanda ya yi kusan shekara 14 yana fama a kan wannan tambaya, wato Yohanna Kalbin.

An haifi Kalbin ran 10 ga Yuli, 1509, a garin Noyon cikin ƙasar Faransa. Ubansa ma'aikaci ne na limaman babbar majami'ar garin, amma daga baya rigima ta shiga tsakaninsu a kan lissafin kuɗi, suka fitar da shi daga tarayyar ekklisiya. Ya rasu a 1531. Ashe tun Kalbin yana saurayi ya ga nauyin horon ekklisiya a cikin gidansu. Ya yi karatu a Faris, ya koyi shari'a a Orleans da Bourges. Da ya bi koyarwar masu gyaran ekklisiya, zama a Faransa ya gagare shi, sai ya gudu zuwa Basel, inda aka buga babban littafinsa na koyarwar addinin Kirista a 1536.

A shekarar nan ya biyo ta Janiba, birnin da ke cikin ƙasar Suwizalan a yau, da nufin kwana ɗaya kaɗai. Amma wani mai wa'azi, Farel, ya matsa masa ya zauna. Mutanen Janiba ba su daɗe da korar bishof ɗinsu ba, ikon da yake riƙe da shi kuwa ya koma hannun Majalisar Gari. Sun ɗanɗana 'yanci, ba su kuma so wani malamin addini ya sake hawa kansu. Haka kuma a Zurich da Bern, manyan biranen masu gyara, mahukunta ne suke horon masu laifin ɗabi'a. Malaman can suna ganin tun da mahukuntan Kirista ne, horonsu ya isa.

Kalbin bai yarda da haka ba. A ganinsa takobi na mai mulki ne, amma Jibin Ubangiji na ekklisiya ne, ita ce kuwa za ta ba da lissafin waɗanda ta miƙa wa gurasa da ƙoƙo. A farkon 1538 Majalisar Gari ta umarta kada a hana kowa Jibi. Da Idin Tashin Almasihu ya zo, Kalbin da Farel suka yi wa'azi, suka ƙi raba Jibin. Sai aka ba su kwana uku su bar gari.

Kalbin ya zauna a Strasbourg shekara uku, yana kiwon 'yan gudun hijira na Faransa. Can ya auri Idelette de Bure a 1540. Janiba kuwa ta rikice a bayansa, har suka aika suna roƙonsa ya komo. Ya komo a Satumba 1541, ya tsara musu dokokin ekklisiya, aka karɓe su a Nuwamba. Cikin dokokin aka kafa Majalisar Horo, wadda ta haɗa fastoci da dattawa 12 da aka zaɓo daga majalisun gari. Suna zama kowace Alhamis, ɗaya daga cikin hakimai huɗu na birnin yana shugabanta. Suna kiran mashaya da mazinata da 'yan caca da masu cin riba fiye da kima, suna sulhunta miji da mata da maƙwabta masu gaba. Ba su da kurkuku, ba su cin tara. Wanda laifinsa ya kai ga haka, sai su miƙa shi ga Majalisar Gari.

Amma dokokin ba su faɗa sarai wa ke da magana ta ƙarshe wajen hana mutum Jibi ba. Nan ne tushen rigimar. Manyan gidajen Janiba suka ƙi sunkuyar da kai ga baƙo. A 1546 aka kira Ami Perrin, shugaban mayaƙan birnin, da matarsa, saboda rawa a wurin biki, abin da dokar gari ta hana. Perrin yana cikin waɗanda suka nemi komowar Kalbin, amma daga lokacin nan ya zama shugaban masu gāba da shi.

Abin ya kai matuƙa a 1553. Akwai wani mutum, Philibert Berthelier, wanda aka kashe ubansa a 1519 saboda neman 'yancin Janiba, domin haka sunan gidansu yana da daraja ƙwarai. Majalisar Horo ta hana shi Jibi saboda taurin kai da raina masu wa'azi. Maimakon ya koma wurinta da tuba, sai ya kai kuka ga Majalisar Gari, ita kuwa ta ba shi izini. Ran Lahadi 3 ga Satumba, Kalbin ya hau mumbari, ya sanar wa jama'a ba zai miƙa Jibi ga wanda aka hana ba, ko da zai rasa ransa. Da yamma ya yi wa'azi kamar mai ban kwana, gama yana tsammani za a sake korarsa. Amma mahukuntan sun rigaya sun shawarci Berthelier a asirce kada ya zo. Aka yi ta ja-in-ja har Janairu 1555, sa'an nan majalisun suka bar wa Majalisar Horo ikonta. A Mayu na shekarar nan aka yi tarzoma, Perrin da Berthelier suka gudu, aka kashe waɗansu daga cikin mutanensu.

Ba daidai ba ne mu ɓoye abin baƙin ciki da ke cikin labarin. A watannin nan na 1553 aka yi shari'ar Servetus, likita ɗan ƙasar Sifen, wanda ya yi musun Triniti. Majalisar Gari ce ta yanke masa hukunci, aka ƙone shi ran 27 ga Oktoba. Amma Kalbin ne ya sa aka kama shi, ya kuma yarda a kashe shi, ko da yake ya roƙa a yi da takobi maimakon wuta. Mutumin da ya hana mai mulki sa hannu a teburin Ubangiji, shi ne kuma ya nemi takobin mai mulki domin kāre koyarwa. A 1903 waɗanda suka gāji koyarwarsa suka kafa dutse a Janiba, suna shaida cewa wannan kuskure ne.

Duk da haka bai yi tara a horo ba, ko a gidansa. A 1557 aka zargi matar ƙanensa da zina, aka kai maganar gaban Majalisar Horo kamar ta kowa, Majalisar Gari kuwa ta raba auren, ta kori matar daga birnin. Kalbin bai zama ɗan gari a Janiba ba sai a 1559, shekarar da aka buɗe babbar makarantarta. Ya rasu ran 27 ga Mayu, 1564, aka binne shi ba alama a kabarinsa, kamar yadda ya so.

Me za mu koya? Mai mulki yana hukunta laifi domin gari ya zauna lafiya, in an biya tara ko an gama ɗauri, magana ta ƙare, ko mai laifin ya tuba ko bai tuba ba. Ekklisiya kuwa ba ta da sanda, abin da take nema shi ne tuba, domin ta ribato ɗan'uwa. Kalbin ya yi daidai da ya ƙi barin manya su sami Jibi da ƙarfin sarauta. Ya yi kuskure inda ya bar takobi ya yi aikin da Maganar Allah kaɗai za ta yi. Sa'ad da muke karanta 1 Korantiyawa sura 5, mu haɗa da 2 Korantiyawa sura 2, inda Bulus ya ce a gafarta wa wanda aka hora, a ta'azantar da shi. Sa'an nan mu tambayi kanmu: a ekklisiyarmu, horon mai kuɗi da na talaka ɗaya ne? Waɗanda muka hana Jibi bara, wa ya je gidansu ya neme su?