Marigayi Alhaji Abubakar Imam

Mu da muka yi Islamiyya, a jakar ƙannenmu 'yan firamare muka fara ganin Magana Jari Ce. Da dare su karanta, mu kasa kunne. Mai littafin an haife shi a Kagara a 1911. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933. Daga baya aka kira shi Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce saboda 'yan makaranta. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981, Allah ya jiƙansa.

To, nan Sabo fa? Yaranmu na dawowa daga firamare da Turanci da Yarbanci, amma ka miƙa musu labarin akun nan, sai inda-inda.