Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar da Duniya Ta Saurari Muryarsa



Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun mu a Ƙungiyar 'Yan Jarida. Rubutu ba ya gagarar mu, amma duk ranar da aka ce wani ya fito ya karanta labarai a taron safe, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wanda aka tilasta wa ya fito kuwa, takarda na rawa a hannunsa, murya na shaƙewa, na bayan layi ba su jin komai. Da yawa daga cikinmu sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa iya magana a gaban jama'a baiwa ce, wanda bai zo da ita duniya ba sai haƙuri. Wannan ne ya sa a wannan fitowa muka zaɓi tarihin mutumin da hotonsa ke jikin takardar naira biyar, wanda aka yi wa laƙabi da Mai Muryar Zinariya na Afirka. Mun so mu gano ko da muryar aka haife shi, ko kuwa gina ta ya yi.

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke Lardin Bauci. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, mahaifiyarsa kuma Fatima Inna. Ba ɗan sarki ba ne, ba kuma ɗan attajiri ba. Mahaifinsa yana aiki ne a ƙarƙashin hakimin Lere. Sunan garinsu ne ya bi shi har ya zama sunansa, kamar yadda aka saba yi wa 'yan makarantar boko a wancan zamani. Ya yi karatun allo, ya yi elementare, ya wuce makarantar lardi a Bauci. A 1928 aka ɗauke shi Kwalejin Katsina, inda ake horar da malamai, makarantar da daga baya ta zama Kwalejin Barewa. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa a aji.

Kwalejin Katsina ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai su furta Turanci daidai, harafi bayan harafi. Yaron da ya tashi a ƙauye, wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne, shekara biyar ya yi yana wannan horo. Ya gama a 1933 ya koma Bauci ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil, har ya kai matsayin hedimasta. Ya shafe sama da shekara goma da alli a hannu.

A nan muke roƙon mai karatu ya ɗan tsaya ya yi lissafi. Malamin da ke shiga aji kullum yana tsayawa gaban jama'a sau da yawa a rana. Dole ya ɗaga murya na kujerar baya ya ji. Dole ya jera bayaninsa daki-daki, ya dubi fuskokin yara ya gane ko sun fahimta, in ba su fahimta ba ya sake wata hanya. Babu masu sauraro da suka fi yara saurin nuna gajiya. Wanda ya yi shekara goma yana riƙe hankalinsu ya sami horon da ba a sayar da shi a kasuwa. Muna ganin a cikin waɗannan azuzuwa na Bauci aka ƙera muryar da daga baya ta cika manyan zauruka.

Bai tsaya ga koyarwa kaɗai ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Malam Abubakar, yana ɗan shekara ashirin da ɗoriya, ya shiga da littafinsa Shaihu Umar, wanda ke ba da labarin zamanin bauta da fataucin bayi ta hamada. An buga shi tare da sauran littattafan da suka yi fice a gasar, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ga mu 'yan jarida wannan abin lura ne: mutumin da aka fi sani da Turanci mai daɗin ji, da Hausa ya fara nuna gwanintarsa. Wanda ya iya tsara tunaninsa da harshen uwa ba ya rasa abin faɗa idan ya koma wani harshe.

A farkon shekarun 1940 kuma aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauci, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke haɗuwa su yi muhawara kan al'amuran ƙasa. Cikin masu halarta akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ɗin Bauci. Su biyun masu zafi ne a magana. Malam Abubakar kuwa mai sanyi ne, yakan saurara, ya auna, sannan ya yi magana. Zama da mutanen da ra'ayinsu ya sha bamban da naka, kuma suka iya kare shi, yana koya maka ka shirya hujja kafin ka buɗe baki. Wannan shi ne amfanin ƙungiyar muhawara da wasunmu ke gudu.

A 1945 ya tafi Ingila, ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantu. A 1946 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya zama ɗaya daga cikin wakilan Arewa a Majalisar Dokoki ta ƙasa a Legas.

Ranar da ta nuna ko shi wane ne ta zo a watan Agusta na 1950, a majalisa a Kaduna. A wancan lokaci sarki shi ne wuƙa shi ne nama a En'e, kuma yawancin 'yan majalisar ma'aikatan En'e ne, albashinsu da ƙarin girmansu duk a hannun sarakuna suke. Shi kansa Malam Abubakar bai fita daga wannan sahu ba. Duk da haka ya miƙe ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e a yi masa gyara. Ya yi bayanin yadda talaka ba shi da ta cewa a kan yadda ake mulkinsa, ya taɓo cin hanci da ya yi katutu, ya nuna haɗarin tara iko a hannun mutum ɗaya. Bai zagi kowa ba, bai kuma ɓoye abin da yake nufi ba. Maganar ta ɓata wa manya da yawa rai, amma an yi binciken, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aka gyara doka ta yadda sarki zai riƙa aiki tare da majalisarsa. A ganinmu wannan jawabi ya fi duk waɗanda ya yi a ƙasashen waje nauyi, domin a nan ne maganar za ta iya jawo masa asarar abincinsa.

Daga nan al'amura suka yi ta gaba. Yana cikin jagororin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, inda Sardauna ke shugabanci shi kuma yana mataimaki. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Legas, daga baya Ministan Sufuri.

Akwai wani hali nasa da muke so kada ya wuce mu. A shekarunsa na farko a majalisa, yana cikin masu shakkar cewa Nijeriya za ta iya zama ƙasa ɗaya, kuma ya faɗi haka a fili. A 1955 ya ziyarci Amurka don ya ga yadda suke sufuri a manyan kogunansu, da nufin amfani da darasin a kogin Kwara da Binuwai. Abin da ya gani a can na mutane masu asali daban-daban suna zaune a matsayin 'yan ƙasa ɗaya ya sa ya sake tunani, ya dawo yana mai kare haɗin kan Nijeriya. Sauya ra'ayi a gaban mutanen da suka ji ka faɗi akasinsa ba ƙaramin abu ba ne. Mu da kanmu mun san yadda a muhawarar aji mutum kan gane an fi shi hujja amma ya ƙi sauka don kada a yi masa dariya.

A 1957 ya zama Firayim Minista na farko, ya kafa gwamnatin da ta haɗa manyan jam'iyyun ƙasar uku. A farkon 1960 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Ranar 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, shi ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra, ya yi wa ƙasa jawabi. Ranar 7 ga watan Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma shi ya yi magana da yawunta a birnin New York. A 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam na nukiliya da take yi a hamadar Sahara. A shekarar ce kuma ya tsaya tare da sauran shugabannin da suka ƙi amincewa da mulkin wariyar launin fata, har Afirka ta Kudu ta fice daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila. A watan Yuli ya je Amurka ya gana da Shugaba Kennedy, ya yi jawabi a majalisar dokokinsu. A Mayun 1963 yana Addis Ababa cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Muryoyinsa da aka naɗa suna nan har yau, ana iya samun su a intanet. Duk wanda ya saurara zai lura ba ya gaggawa. Yakan ba kowace kalma haƙƙinta, ya ɗan dakata a inda ya kamata, ba ya ihu. Abin da malamanmu ke faɗa mana kullum ke nan idan muna karatu a aji muna cin ƙarshen kalmomi.

Amma tarihi ba kirari ba ne, kuma aikin ɗan jarida ya faɗi ɓangare biyu. Mulkinsa ya sha fama da rikici. A 1962 rigima ta ɓarke a Jihar Yamma har aka kafa dokar ta-ɓaci. An yi wa jagoran adawa, Cif Obafemi Awolowo, shari'a aka ɗaure shi a 1963. Ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963 sun jawo gardama mai zafi, zaɓen 1964 ya zo da ƙaurace wa akwati da zargin maguɗi. Bayan zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965 aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe, kuma masu sukarsa sun zarge shi da jinkirin ɗaukar mataki. Haƙuri da sanyin da suka sa ake girmama shi a zauren taro, su ne wasu suka kalla a matsayin rauni a lokacin da wuta ke ci. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, magana mai daɗi tana buɗe wa shugaba ƙofa, amma akwai ranar da jama'a ke jiran hukunci, ba jawabi ba. Shugabannin ɗalibai da masu kula da aji su riƙe wannan.

A watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin Ƙasashe Renon Ingila a Legas don tattauna rikicin Rodeshiya, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Kwanaki kaɗan bayan taron, a daren 15 ga Janairu, cikin watan azumi, wasu hafsoshin soja suka yi juyin mulki. Suka ɗauke shi daga gidansa. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna da Cif Akintola a Ibadan. Bayan kwanaki aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanya a wajen Legas. Yana da shekara 53. An kai shi Bauci aka binne, kuma kabarinsa na nan ana ziyarta. Jami'ar tarayya da ke Bauci ma sunansa take ɗauke da shi. Har waɗanda suka yi adawa da siyasarsa sun shaide shi da rashin kwaɗayin dukiyar jama'a. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.

To, mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Ba mu musun cewa Allah Ya ba shi murya mai kauri da daɗin saurare. Sai dai masu irin wannan murya suna da yawa a kasuwa da tasha, kuma ba wanda ya san su. Abin da ya bambanta shi shi ne shekara biyar na horo a Katsina, da shekara goma da wani abu a gaban allo, da rubutu, da zaman muhawara, da ƙarfin halin faɗa wa manya gaskiya cikin ladabi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ɗalibin wannan makaranta. Malamanmu kuma, da ke shiga aji kullum, su sani aikin da suke yi shi ne wanda Firayim Minista na farko ya yi kafin duniya ta san shi.

Saboda haka mun yanke shawara a ƙungiyance: daga mako mai zuwa karatun labarai a taron safe zai zama bi da bi, babu wanda za a tsallake. Duk wanda layi ya zo kansa zai karanta wa ƙungiya sau biyu kafin ranar, a gyara masa. Wanda murya ta yi masa rawa a karon farko ba za mu yi masa dariya ba, kuma muna roƙon sauran ɗalibai su ma kada su yi. Mai son shiga ya ba sakataren ƙungiya sunansa bayan an tashi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida.