Frederick Banting, Ɗan Manomin Da Ya Buɗe Ƙofar Insulin

Duk ranar 14 ga watan Nuwamba, asibitoci da ƙungiyoyin lafiya a faɗin duniya, har da na Nijeriya, kan gudanar da Ranar Ciwon Suga ta Duniya. An fara ta ne a 1991, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ita a 2006. Ranar haihuwar Frederick Grant Banting ce, likitan ƙasar Kanada wanda ta dalilinsa ciwon suga nau'i na ɗaya ya tashi daga hukuncin kisa ya koma ciwon da ake rayuwa da shi.

An haife shi a 1891 a wata gona kusa da garin Alliston, a lardin Ontariyo, shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Iyayensa masu riƙo da addini ne, sun so ya zama limamin coci. Ya shiga Jami'ar Toronto a 1910, bai ci jarrabawar shekarar farko ba, daga baya ya koma fannin likitanci a 1912. Ba a san shi da fasahar magana ko ta rubutu ba. Abin da aka san shi da shi shi ne naci da taurin kai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka gaggauta yaye ajinsu a ƙarshen 1916, ya tafi Faransa a matsayin likitan soja. A watan Satumba na 1918, a gwabzawar Cambrai, ɓarbashin bom ya same shi a hannu, amma ya ci gaba da ɗaure raunukan sojoji na tsawon sa'o'i kafin ya yarda a duba nasa. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta jarumta a 1919.

Bayan yaƙi ya ƙware a aikin tiyata a asibitin yara na Toronto, amma bai samu gurbin dindindin ba. A watan Yuli na 1920 ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Landan, ba ta Ingila ba, wani gari ne a Ontariyo mai wannan suna. Ya yi kusan wata guda babu wanda ya taka ƙofarsa, abin da ya samu a watan farko kuwa dala 4 ne kacal. Rashin kasuwa ne ya tilasta masa karɓar aikin koyarwa na wucin gadi a jami'ar garin, kuma a shirin wani darasi kan fankiriyas ne, a daren 30 ga Oktoba, ya karanta maƙalar wani likita mai suna Moses Barron. Wajen ƙarfe biyu na dare ya tashi ya rubuta ɗan tunanin da ya zo masa a littafinsa, a cikin kalmomi 25.

Kafin a gane nauyin wannan tunani, sai an san halin da ake ciki a lokacin. Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. Aiki biyu take yi: tana fitar da ruwan narkar da abinci zuwa hanji, sannan wasu 'yan curin ƙwayoyin halitta da ke warwatse a cikinta kamar tsibirai suna zuba wani sinadari kai tsaye cikin jini, wanda ke ba suga damar shiga tsoka da sauran sassan jiki. A nau'i na ɗaya, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke lalata waɗannan ƙwayoyi. Suga sai ya taru a jini, ya malala cikin fitsari, mai ciwon yana ci yana ramewa, yana shan ruwa ba ya ƙoshi, har jini ya gurɓace ya suma. Yaron da aka gano yana da shi a wancan zamani da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Mafi ingancin abin da likitoci ke da shi shi ne tsarin Dokta Frederick Allen na Amurka, wato a rage wa majinyaci abinci har ya kusa mutuwa da yunwa, don a ƙara masa 'yan watanni.

Tun 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka nuna cewa idan aka cire wa kare fankiriyas, ciwon suga kan kama shi. Masana da dama sun yi ƙoƙarin tatso sinadarin, ciki har da Georg Zuelzer a Jamus da Nicolae Paulescu a Romaniya, amma abin da suka samu bai kai tsabtar da za a riƙa yi wa ɗan Adam allurarsa ba. Banting bai san yawancin wannan tarihi ba, kuma ana iya cewa rashin sanin ya taimake shi, domin da ya karanta jerin waɗanda suka gaza, ƙila da bai fara ba. Shi dai tunaninsa shi ne a ɗaure bututun da ke kai ruwan narkar da abinci zuwa hanji, a bar ɓangaren da ke yin ruwan ya ƙanƙance, tsibiran su rage, sannan a tatso abin da ke cikinsu.

Ya kai maganar ga Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto, mutumin Sikotland, masani kan yadda jiki ke sarrafa suga. Macleod bai ga alamar nasara sosai ba, amma ya ba shi ɗakin bincike, da karnuka, da ɗalibi ɗaya mai taimako. Ɗalibai biyu ne ke kan layi, aka jefa kwabo, ya faɗa kan Charles Best, mai shekara 22. Suka fara aiki a ranar 17 ga Mayu, 1921, cikin zafin bazara, a ɗaki mai wari da ƙarancin kayan aiki. Karnuka da yawa sun mutu a makonnin farko saboda ruɓewar rauni. Banting ba ya karɓar albashi a lokacin. A ranar 30 ga Yuli suka yi wa wani kare mai ciwon suga allurar ruwan da suka tatso, sugan jininsa ya sauka. Kafin ƙarshen shekara sun koma amfani da fankiriyas ɗin shanu daga mayanka, suka kuma gano cewa ɗaure bututun ma ba dole ba ne. Wato tunanin ƙarfe biyun dare, wanda ya tayar da aikin gaba ɗaya, ba shi ne mabuɗin ba. Mabuɗin shi ne tacewa, kuma wannan aikin masanin haɗa sinadarai ne, James Collip, wanda Macleod ya shigo da shi a watan Disamba.

A ranar 11 ga Janairu, 1922, a Babban Asibitin Toronto, aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14 da nauyinsa bai kai kilo 30 ba, allurar ruwan da Banting da Best suka haɗa. Sugan ya ɗan sauka, amma wurin allurar ya yi ƙurji, aka dakata. Ranar 23 ga watan aka sake gwadawa da wanda Collip ya tace da barasa mai ƙarfi. Sugan ya faɗo daga 520 zuwa 120, yaron ya farfaɗo. Ya ƙara shekara 13 a duniya, ciwon huhu ne ya yi ajalinsa a 1935. A watan Agusta na 1922 aka kawo wa Banting Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka, tana dab da cika shekara 15, nauyinta kusan kilo 20 bayan shekaru uku na yunwar magani. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rasu a 1981. Sunan da aka raɗa wa sinadarin, insulin, daga kalmar Latin mai nufin tsibiri yake.

Tsakanin mutanen huɗu kuwa babu daɗi. Banting ya zargi Macleod da neman ƙwace aikin, kuma da Collip ya ƙi bayyana hanyar tacewarsa a watan Janairu, sai da rikicin ya kai ga cin kwala. A watan Oktoba na 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya fusata da aka bar Best a baya, har ya yi tunanin ƙin karɓa, daga bisani ya raba kuɗinsa biyu da Best, Macleod ma ya raba nasa da Collip. Har yau babu wanda ya samu wannan kyauta a fannin likitanci da ƙuruciya irin tasa. A ganin mai wannan rubutu, Banting bai yi wa Macleod adalci ba. Binciken da masanin tarihi Michael Bliss ya wallafa a 1982 ya nuna cewa shawarwarin farfesan sun shiga aikin tun daga tushe. Amma ta wani ɓangaren ba a raba su: a watan Janairu na 1923 Banting da Best da Collip suka miƙa haƙƙin mallakar insulin ga Jami'ar Toronto a kan dala ɗaya kowannensu, don kada wani kamfani ya riƙe shi shi kaɗai. Kamfanin Eli Lilly a Amurka da wani a Denmak suka shiga samar da shi da yawa, kuma a cikin 1923 ya fara isa ƙasashe daban-daban.

Akwai abin da Banting bai iya kawarwa ba, wato allura. Tun ranar 20 ga Disamba, 1921, ya ba abokin karatunsa mai ciwon suga, Dokta Joseph Gilchrist, ruwan ya sha ta baki, bai yi komai ba. Dalili kuwa insulin furotin ne, tumbi na narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Sai hankalin masu bincike ya koma ga huhu, mai faffaɗan fili da siririyar fata da jijiyoyin jini masu yawa. Wani likita a Jamus ya wallafa gwajin shaƙar insulin tun 1925, amma sai da aka yi shekara 80 kafin abin ya shiga kasuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Exubera na kamfanin Pfizer a watan Janairu na 2006. Na'urar shaƙarsa ƙatuwa ce kamar tocila, ga tsada, masu saye ba su zo ba, aka janye shi a watan Oktoba na 2007. A 2014 aka amince da Afrezza na kamfanin MannKind, garin magani da ake shaƙa da 'yar na'ura mai kama da usur a farkon cin abinci. Yana shiga jini da sauri, yana kuma fita da sauri. Sai dai ga mai nau'i na ɗaya, insulin ɗin lokacin cin abinci kawai yake maye wa gurbi. Allurar insulin mai daɗewa a jiki tana nan daram. Ba a ba mai asma ko wani daɗaɗɗen ciwon huhu, ba a son mai shan taba ya yi amfani da shi, ana auna ƙarfin huhu kafin a fara da kuma bayan an fara, tari kuma na daga cikin abubuwan da aka fi kuka da su.

Ga iyalin da ke kawo yaro mai wannan ciwo daga ƙauyukan Jama'a ko Kaura ko Zangon Kataf zuwa babban asibitin Kafanchan, maganar shaƙa labarin nesa ne. Kwalba da sirinji ne abin dogaro, kuma tambayoyin su ne kuɗin kwalbar kowane wata, da takardun awon jini, da inda za a ajiye maganin. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka fara amfani da ita kuma kan yi kimanin mako huɗu idan an kare ta daga zafi da rana. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ma'aikatan lafiya a ƙasashe masu zafi kan koya wa iyalai amfani da tukunyar ƙasa mai danshi, irin dabarar tukunya cikin tukunya da yashi mai laima a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ba firji ba ce, amma ta fi aljihu ko saman kwanon ɗaki nesa ba kusa ba.

Shi kansa Banting bai daɗe yana duba masu ciwon suga ba. Majalisar dokokin Kanada ta yanka masa dala 7,500 duk shekara har ƙarshen rayuwarsa, aka ba shi kujerar farfesa da sashen bincike nasa, Sarki George na Biyar kuma ya ba shi sarautar Sir a 1934. Ya yi shekaru yana binciken ciwon daji da ciwon huhun masu haƙar ma'adinai, bai sake samo wani abu mai girman insulin ba, kuma hakan ya riƙa cin ransa. Aurensa na farko da Marion Robertson a 1924 ya mutu a 1932 cikin tonon silili a jaridu, suna da ɗa ɗaya. Ya auri Henrietta Ball a 1939. Inda ya fi samun natsuwa shi ne zane. Yakan bi mai zane A. Y. Jackson zuwa ƙauyuka, kuma a 1927 suka je yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, inda ya dawo yana sukar yadda kamfanin cinikin fatu na Hudson's Bay ke mu'amala da al'ummar Inuit.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya sake sa kakin soja, ya jagoranci bincike kan lafiyar matuƙa jiragen yaƙi, har ya gwada gubar yaƙi mai ƙona fata a ƙafarsa don a san yadda za a magance ta. A daren 20 ga Fabrairu, 1941, ya tashi daga filin jirgin sama na Gander, a Newfoundland, cikin wani jirgin yaƙi ƙirar Hudson da zai kai shi Ingila. Jim kaɗan bayan tashi injinan suka lalace, jirgin ya faɗi kusa da Musgrave Harbour. Mutum biyu sun mutu nan take. Matuƙin, Joseph Mackey, ya tsira, ya ɗaure wa Banting raunukansa, ya fita cikin dusar ƙanƙara neman taimako. Kafin ya dawo, a ranar 21 ga watan, Banting ya cika, yana da shekara 49. An binne shi a maƙabartar Mount Pleasant da ke Toronto.